Aski A Bayan Ido: Dokokin Da Ake Ƙullawa A Nesa Su Iske Mu A Aji Da Kasuwa



A watan Oktoba na 2023, makon farko da komawa lakwal, wata yarinya ƴar aji shida ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, wai wa ya kashe mana wuta?" Mahaifiyarta ƙanƙara da zoɓo take sayarwa a bakin titi, kuma tun watan Agusta wuta sai an yi sa'a, firij ya koma akwatin ajiye kwanoni. Na ce mata Najeriya ce ta katse layin. Ta ce don me? Na ce ƙungiyar CEDEAO ce ta ba da umarni. Ta ce wace ce CEDEAO, a wane gari take zaune, kuma wa ya naɗa ta? Nan fa na soma kame-kame, na ce su buɗe kaye mu yi lissafi.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara kusan ashirin ke nan ina riƙe da alli tun da na fito makarantar horar da malamai. Na fara aiki a wani ƙauye na gundumar Gidan Rumji, na yi Agiye, yanzu ina Gazawa, garin da layin lantarkin da ya taso daga Katsina yake sauka kafin a raba wutar zuwa Maraɗi da Damagaram. Amma ga shi na kasa bayyana wa ƴar shekara goma sha biyu hanyar da magana take bi daga teburin shugabanni har ta iso firij ɗin uwarta. Tun daga ranar na shiga karanta yarjejeniyoyin nan a lokutan hutu. Abin da na fahimta shi ne nake so mu tattauna, domin na ga yawancinmu haka muke: mun san zafin dokar, ba mu san inda aka dafa ta ba.

Ƙungiyoyin da ke bisa kanmu

Idan ƙasashe suka haɗu suka kafa irin wannan ƙungiya, kowace takan sallama wani yanki na ikonta ta zuba a tukunya ɗaya. Kamar gandu ne: kowane ɗa yana da gayaunarsa, amma akwai ranakun da ƙarfinsa na gandu ne, kuma ba shi kaɗai zai ce ga abin da za a shuka ba.

Nijar ta shiga irin wannan gandu sau uku. Na farko CEDEAO, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira ECOWAS, da aka kafa a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, zamanin Seyni Kountché. Mun sanar da ficewa daga cikinta tare da Mali da Burkina Faso ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Na biyu UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kashe kuɗin Sefa, da aka sa wa hannu a Dakar ranar 10 ga Janairu 1994. Wannan har yau muna cikinta, kuma kowace dala da ke aljihunka shaida ce. Na uku AES, ƙawancen ƙasashen Sahel, wanda ya fara da yarjejeniyar Liptako-Gurma ranar 16 ga Satumba 2023, ya zama haɗaka a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024.

Zan fi tsayawa kan UEMOA, don ita ce ta fi shiga rayuwarmu ta yau da kullum, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a hirar majalisa.

Hanyar da doka take bi

A Wagadugu akwai hukumar zartarwa ta UEMOA mai kwamishina takwas, kowace ƙasa da ɗaya. Suna rantsuwa cewa ƙungiya za su yi wa aiki, ba za su karɓi umarni daga gwamnatin da ta turo su ba. Su ne suke rubuta daftarin doka. Daga nan daftarin ya je hannun kwamitin ƙwararru, wato manyan ma'aikatan ma'aikatun ƙasashe, su tace shi. Sannan ya isa majalisar ministoci, inda kowace ƙasa take da minista biyu amma ƙuri'a ɗaya, kuma ministocin kuɗi ne jagorori. A batutuwa da yawa rinjayen kashi biyu cikin uku ya isa doka ta wuce. Ma'ana, ana iya zartar da abin da ministanmu bai so ba, kuma ya hau kanmu. Akwai kuma wata ƙa'ida da ta ba ni mamaki: ministoci ba za su iya gyara daftarin da hukumar ta kawo ba sai dukkansu sun yarda. Ashe mai riƙe da alƙalamin farko shi ne mai ƙarfin gaske. A can bisa kuma akwai taron shugabannin ƙasashe, su ne masu shata babbar hanya.

Dokokin da ke fitowa iri-iri ne, amma biyu ya kamata kowane malami ya sani. Akwai wadda ake kira règlement da Faransanci, ita da zarar an zartar ta zama doka a dukan ƙasashen, ba ta jiran majalisar kowa. Akwai kuma directive, wato umarni: ana faɗa wa ƙasa inda ake so ta kai, da wa'adi, ita kuma ta rubuta tata dokar da za ta kai ta can. Yarjejeniyar ta kuma fayyace cewa in dokar ƙungiya ta ci karo da dokar ƙasa, ta ƙungiya ce a sama, ko da ta ƙasar ta riga ta, ko ta biyo bayanta.

To ina wakilan talakawa a cikin wannan tafiya? Akwai kwamitin ƴan majalisu a Bamako, kowace majalisar ƙasa tana tura mutum biyar, amma shawara kawai suke bayarwa. Haka majalisar CEDEAO take a Abuja: kafin ficewarmu kujera 115 ce, Najeriya 35, Nijar 6, kuma babu ko ɗaya da muka taɓa jefa wa ƙuri'a don wannan kujera, daga majalisar dokokin ƙasa ake ɗebo su. Doka takan taso daga ofis, ta bi ta ofis, ta ƙare a ofis. Manomin aya na Caduwa da malamin ƙauye ba su da ƙofar shiga ko ɗaya.

Inda take iske mu

Kada wani ya ce wannan zancen manya ne. Ni tun ina yaro na ɗanɗana shi. A watan Janairu 1994, a taron nan na Dakar, aka karya darajar Sefa da rabi: kuɗin Faransa guda ɗaya da ake canzawa Sefa 50 ya koma 100. Ina kwaleji lokacin. Na tuna mahaifina ya dawo daga kasuwa da rabin abin da aka aike shi, yana ta juya hula yana cewa kuɗi sun zama ganye. Babu wanda ya zo garinmu ya yi bayani, sai dai muka ji a rediyo. Har yau Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, 655,957 a kan yuro 1000, kuma babban bankin da ke kula da ita, BCEAO, a Dakar yake.

Ga harajin TVA da muke biya a kan kayan kanti. Umarnin UEMOA na 1998 ya ce kowace ƙasa ta tsayar da shi tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, Nijar ta tsaya a 19. Ga kuɗin fito da ƴan duwan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su daga wajen ƙungiya: tun 1 ga Janairu 2000 jadawali ɗaya ne ga dukan ƙasashen, mataki huɗu, 0 da 5 da 10 da 20 cikin ɗari, sannan a 2015 CEDEAO ta ƙaro mataki na biyar, 35. Duk bik da kaye da takalmin da uba ya saya wa ɗansa sun bi ta wannan jadawali.

Mu malamai kuwa akwai lamba guda da ya kamata mu haddace kamar jadawalin sau: 35. A watan Disamba 1999 shugabannin UEMOA suka ƙulla alkawarin daidaita kasafin kuɗi, aka sabunta shi a 2015. Cikin sharuɗɗansa akwai cewa albashin dukkan ma'aikatan gwamnati kada ya wuce kashi 35 cikin ɗari na harajin da ƙasa take tarawa. Ku duba ƙasa irin tamu, mai yawan haihuwa, mai ƙarancin haraji, wadda kowace shekara take buƙatar sababbin azuzuwa da sababbin malamai. In an ɗaure jimillar albashi, yara kuma suna ƙaruwa, hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki malamai masu araha. Ba na cewa wannan sharaɗi shi kaɗai ya haifi tsarin kwantaragi; tsare-tsaren Bankin Duniya da zaɓin gwamnatocinmu suna da nasu kaso. Amma duk ranar da ƙungiyoyin malamai suka zauna da gwamnati kan ɗaukar ƴan kwantaragi aikin dindindin, wannan 35 tana zaune a ɗakin ko ba a ambace ta ba. Ni kaina shekaru na yi ina kwantaragi, ina zagin waɗanda nake gani, ban san akwai wani bango a bayansu ba. Abin lura kuma, a watan Afrilu 2020, da cutar korona ta zo, shugabannin suka dakatar da alkawarin. Ashe ba saukakke ba ne daga sama, mutane suka rubuta, mutane kuma na iya gyarawa.

Hatta karatun ƴaƴanmu na gaba haka ne. Tsarin digiri mai hawa uku da ake kira LMD, wanda Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi take bi, umarnin ministocin UEMOA ne na 2007. A 2020 kuma suka fitar da umarnin daidaita jarrabawar bakaloriya a ƙasashen takwas. Iyaye nawa aka tambaya? Malaman lise nawa?

Ranar 30 ga Yuli

Yanzu mu koma ga tambayar ɗalibata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, shugabannin CEDEAO da na UEMOA suka zauna a Abuja ranar 30 ga wata. A yini guda aka yanke: a rufe iyakoki, a tsayar da ciniki, a riƙe kuɗin gwamnati da ke babban banki, a katse har da lantarki. Madogararsu yarjejeniyar dimokuraɗiyya da shugabanci nagari ta 2001, wadda Nijar ma ta sa wa hannu. Ba a kai maganar gaban wata majalisar zaɓaɓɓu ba kafin a zartar. Da aka sa wa Mali takunkumi a Janairu 2022 an ware abinci da magani da wuta, mu kuwa ba a ware ba.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta mutu, mai wake da mai aya da mai tumaki suka rasa masu saye, shinkafa da magani suka yi tsada, ma'aikaci ya yini a layin banki don ya karɓi wani yanki na albashinsa. A gundumar Gidan Rumji, inda tun 2019 mutane suke raba ɗan abin da suke da shi da ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, wahala ta hau kan wahala. Sai 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, iyaka da Najeriya ta buɗe a watan Maris.

Duk ra'ayin da mutum yake da shi kan juyin mulki, akwai darasi a nan. Da aka zo maganar tura soja, majalisar dattawan Najeriya ta ce a bi hanyar sulhu, kuma sanatocin Arewa ne suka fi ɗaga murya, don sun san iyayensu da surukansu ne a wannan ɓangaren. Inda aka ratsa ta wurin zaɓaɓɓu, an samu birki. Inda shugabanni suka yanke su kaɗai, mai sayar da ƙanƙara ce ta biya.

Masu cewa a watsar da su duka

Na san wasu abokan aikina za su ce to ai shi ke nan, ƙungiyoyin nan ba su da amfani, kowa tasa ta fisshe shi. Ban yarda ba. Ƙasar da ba ta da teku, wadda kayanta sai sun ratsa ƙasar wani, ita ce ta fi kowa buƙatar doka tsakanin maƙwabta. Ku tuna Agusta 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta ita kaɗai har Disamba 2020, duk da yarjejeniyar 1979 ta walwalar jama'a da ta ba mu damar shiga ƙasashen juna kwana 90 babu biza. Inda doka ta yi rauni, mai ƙarfi ne yake yin yadda ya so, kuma ba mu ne masu ƙarfin ba.

Ku tuna kuma da Hadijatou Mani, baiwar Allah daga jihar Tawa da aka sayar tana ƴar shekara 12. Da ta rasa gaskiyarta a gida, kotun CEDEAO ta saurare ta, ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na Sefa, kuma aka biya. Mace talaka ta kai ƙasa ƙara ta yi nasara. Wannan ƙofa ce mai daraja, kuma da muka fita CEDEAO ya kamata mu tambayi abin da zai maye gurbinta.

Sannan mu daina ɗaukar ƙungiyoyin nan kamar wasu baƙi. Mahamane Ousmane ya shugabanci majalisar CEDEAO daga 2006 zuwa 2011. Mahamadou Issoufou ya shugabanci ƙungiyar daga 2019 zuwa 2020. Abdallah Boureima, ɗan Nijar, shi ne shugaban hukumar UEMOA daga 2017 zuwa 2021. Ministocinmu suna zaune a ɗakin duk lokacin da aka ɗaga hannu. Rashin saninmu ne yake ba minista damar ya amince da abu a Wagadugu ko Lome, ya dawo gida ya ce mana "ƙungiya ce ta tilasta".

UEMOA daga Tarayyar Turai ta kwaikwayi fasalinta, amma ta bar wani abu a baya. A can ma hukuma ce take rubuta daftari, sai dai yawancin dokoki ba sa wucewa sai majalisar da jama'a suke zaɓa kai tsaye tun 1979 ta yarda, tare da ministocin ƙasashe 27. Ana buga dokokin cikin harsuna 24. Duk da haka mutanensu suna kukan cewa Burasil ta yi musu nisa, har Birtaniya ta fice a 2020. In masu zaɓe da fassara suna kuka, ina ga mu da ba mu da ko ɗaya?

Tun ran gini ran zane

Abin da ya sa na ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne yanzu ake gina AES. Yarjejeniyar Yamai ta ba ta fannoni uku: tsaro, hulɗa da ƙasashen waje, da raya ƙasa, kuma shugabannin ƙasashen uku ne a ƙololuwa. Har ta fara yanke abin da ya shafi aljihu: a watan Maris 2025 aka amince da harajin kashi 0,5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, ga kuma sabon fasfo. Ina yi wa wannan haɗaka fatan alheri, kuma saboda fatan alherin ne nake cewa kada ta gaji cutar da muka gudo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abu huɗu nake roƙo, daga AES da UEMOA baki ɗaya.

Na ɗaya, duk daftarin dokar da za ta hau kan jama'a a bayyana shi kafin a zartar, a ba da lokaci mutane su ce wani abu. A fassara shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauran harsunanmu, a karanta a gidajen rediyon karkara. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa. To ga wurin da za a gwada ko maganar ta wuce takarda.

Na biyu, idan lokacin zaɓe ya dawo, wakilanmu a majalisar ƙungiya mu zaɓe su da hannunmu, kuma su sami ikon cewa a'a. Wakilin da ya san zai dawo kasuwar Gazawa neman ƙuri'a ba zai yi barci a zauren taro ba.

Na uku, a samar da kotun da talaka zai iya shiga da ƙafarsa, kuma shugabanni su bi hukuncinta. A watan Maris 2022 kotun UEMOA ta ce a dakatar da takunkumin da aka sa wa Mali, amma sai Yuli aka ɗage shi. Kotun da masu ita ba sa jin maganarta ado ce kawai.

Na huɗu, a rubuta ƙarara cewa duk rigimar da za ta tashi tsakanin gwamnatoci, ba za a taɓa abinci da magani da wuta da makaranta ba.

Namu aikin

Wani zai ce malamin ƙauye ne zai gaya wa shugabanni yadda za su yi? Ba ni da wannan girman. Amma akwai abin da yake hannunmu. A darasin tarbiyyar ɗan ƙasa muna sa yara su haddace sunayen ƙungiyoyi da shekarun kafa su da biranen da suke, su zuba a jarrabawa su manta. Mu canza salo. Ka ɗauki kwalin sukari ka shiga aji, ku bi kuɗinsa daki-daki: nawa ne fito, nawa ne TVA, wa ya tsayar da su, a wane gari. Ka fito da takardar jika ɗaya, su karanta sunan bankin da ke jikinta, su nemo Dakar a taswira. Ka raba aji ƙasa takwas, wasu su rubuta daftari, wasu su zama ministoci, a jefa ƙuri'a, sannan ka tambaye su wa aka bari a waje. Na gwada wannan bara, kuma yaran da kansu suka ce: "Mushe, ba a tambayi manoma ba."

Iyaye kuma, idan an kira taron kwamitin makaranta, kada a tsaya ga kuɗin alli da gyaran rumfa. Ku tambaye mu abin da ya sa malamin ɗanku ɗan kwantaragi ne, abin da ya sa aji ɗaya yake da yara fiye da yadda ido zai iya lura da su. Shugabannin ƙungiyoyinmu na malamai su ma su karanta waɗannan takardu, don wanda bai san inda aka ɗaure akuya ba, ba zai kwance ta ba.

Yarinyar nan yanzu tana kwaleji. Kwanan baya na gamu da ita a tasha, na tsayar da ita na ba ta amsar da na kasa ba ta a 2023, tun daga Abuja har layin Katsina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce: "To Mushe, in za su sake, wa za mu gaya wa?" Wannan karon ban ce ta buɗe kaye ba. Na ce mata har yanzu ba a gina wannan ƙofar ba, kuma neman a gina ta aikinmu ne, mu da iyayenta. Hausawa sun ce ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Mu an daɗe ana yi mana, har mun saba da jin sanyin aska kawai.

Allah ya ba shugabanninmu ikon saurare, ya ba mu ikon tambaya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.